Ni ma bakina ya kasa furta wannan kalmar

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na kife wayar na yi shiru. Kin ce an lakaɗa wa maigidanki duka a shingen bincike don ya hana na goro, yanzu kuma 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin Najeriya, ta zagayo, kowa na rubuta "jarumanmu", ke zuciyarki ta ƙi, kina tambaya ko laifi ne. Ba laifi ba ne. Ni shekara huɗu ke nan bakina ya kasa furta ta.

Ƙanena gyaran waya yake yi. Ya rufe shago bayan isha'i, 'yan sintiri suka yi kame a bakin layi, suka haɗa da shi saboda wayoyin mutane da ke jakarsa. Kwana uku muna yawon caji ofis, ko'ina a ce babu shi. Ran na huɗu muka same shi a bayan kanta, ba riga, ankwa ta ci wuyan hannunsa har ya kumbura. Mahaifiyarmu ta zo da kular abinci. Jami'in da ke kan teburi ya buɗe, ya sa cokali ya tsince naman yana ci yana kallonmu. Matar da ta haifi kamarsa ta durƙusa tana ce masa "ranka ya daɗe", ya ce, "Tsohuwa, matsa can, kin haifi ɓarawo." Har gobe ina ganin fuskarsa, da maiƙon da ke leɓensa. A bango bisa kansa an rubuta beli kyauta ne. Naira 40,000 muka biya, sai da na sayar da ɗan kunnena. Ba a kai shi kotu ba, ba wanda ya ce mana yi haƙuri. Yaron nan har yau in ya riƙe ƙaramin sukundireba hannunsa rawa yake yi. Ban yafe wa mutumin nan ba, Allah ya isa tsakaninmu.

To a ce in kira wannan jarumi don yana sanye da kaki? Je ki faɗa wa matan Tudun Biri, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Disambar 2023. Ko iyalan mutum fiye da 300 da aka kashe a Zariya a 2015, wanda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna da kansa ya tabbatar.

Amma kada in ɗauki alhaki. Ranar da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a 2016 na yi kuka, kuma shi zan kira shi jarumi ko a gaban wa. Maƙwabciyata ma mijinta ƙaramin soja ne, a dajin Borno ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya uku. Ta daɗe tana sintirin neman haƙƙinsa da fayil a hammata, yanzu awara take soyawa a ƙofar gida. Abin da ke ƙona min rai ke nan: manyan da ke ɗora furanni a Abuja suna cewa jarumai, ina suke lokacin da take neman kuɗin haya? Ni mijinta nake wa addu'a, da sunansa. Ba na yi wa kowa a dunƙule.

Ke dai ki ɗauki hoton raunukan maigidanki tun ba su baje ba. Mu ba mu yi ba, tsoro ya hana mu, ina nadama har yau. A kai shi asibiti a karɓi takardar likita a adana. In ya tuna sunan da ke ƙirjin rigar jami'in ko lambar motarsu, rubuta yanzu, da rana da wurin. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai lauyoyin gwamnati masu taimaka wa marasa hali kyauta. Kada ki je caji ofis ke kaɗai, tafi da babban namiji ko mai unguwa. Kuma doka ba ta yarda a tsare mutum kwanaki barkatai ba a kai shi kotu ba, da na san haka a lokacin da na buɗe baki.

Sannan ki lura da shi a gida. Namiji in aka mare shi gaban jama'a ba ya faɗa, sai dai ki ga yana faɗa da yara ba dalili. Ƙanena wata biyu ya yi ba ya fita ko masallaci, in ya ji jiniya sai ya shige ɗaki. Kin ce yana kukan haƙarƙari, don Allah kada ku tsaya a man zafi, a yi masa hoton ƙirji gobe-goben nan.