Tsadar burodi ce ta tada juyin juya halin Faransa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tawa. An ce mana tsadar burodi ce ta tada juyin juya halin Faransa. Haka ne?

Amsa: Ɗana, yunwa ta taimaka, amma ciwon ya daɗe. A wancan lokacin jama'ar Faransa rukuni uku ce: malaman coci, masu sarauta, sai talakawa da haraji ya danne. Bashi ya ci baitulmali, sarki ya kira majalisar wakilan rukunan uku a Mayun 1789. A tsohon tsari kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi, kullum biyu su kayar da ɗaya. Wakilan talakawa suka ce sam, a ƙirga mutum-mutum. Daren 4 ga Agusta aka soke gatan masu sarauta. Bayin da ke noman rake a yankunan da Faransa ke mulka a ƙetare kuwa, abin takaici, sai 1794 aka 'yanta su.