Injin girbin shinkafa: a saya ne ko a yi haya?

Tambaya: Ina noman shinkafa a hekta 2 a yankin Kura, kuma kuɗin 'yan ƙwadago wajen yanka da bugu yana cinye mini riba, ga shinkafar waje tana karya farashi. Mu biyar masu gonaki daidai da tawa muna son haɗa kuɗi mu sayi injin da ke yanka da sussuka a lokaci guda. Mene ne shawara?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ku fara da wannan babban injin. Irinsa, kamar ƙirar Kubota mai tafiya a kan sarƙa, ba ya mayar da kuɗinsa sai yana samun gonaki masu yawa a kowace kaka, alhali hekta 10 ɗin da kuke da ita ku biyar zai gama da ita cikin 'yan kwanaki, sannan ya koma ajiya bashi yana ci gaba da hawa kanku.

Ya kamata ku san yadda abokan gogayyarku suke yi. Galibin ƙananan manoman Indiya da Tailan haya suke yi; a Indiya masu injuna daga jihar Punjab kan bi kaka daga jiha zuwa jiha, don haka inji ɗaya yake yin watanni yana aiki, kuɗin girbin kowane buhu ya sauko. Ga kuma tallafin taki da na lantarki da manomin Indiya yake samu. Kariyar gwamnati a nan gida ba abin dogaro ba ce, domin an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka fara buɗe su a Disambar 2020, sannan a 2024 aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da wani nau'in shinkafa, na kwana 150. Abin da ke hannunku shi ne rage abin da kuke kashewa a kan kowane buhun shanshera.

A nan injin sussuka ya fi dacewa da ku. Duk wanda ya tsaya a inda ake bugun shinkafa a jikin ganga ya ga ƙwayar da ke fallatsa ta wuce tamfol, da wadda ke maƙale a jikin kai, da tsakuwar da ke shiga buhu ta sa masu sarrafawa su rage farashi. Injin da ake kira ASI, wanda cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta samar tare da hukumomin Senegal, yana sussuka yana kuma sheƙewa, kuma maƙeran gida suna iya ƙera irinsa su gyara shi. Za ku ci gaba da yanka da lauje, ko ku ƙara ƙaramin injin yanka na turawa, sannan ku riƙa yi wa maƙwabta aiki suna biya.

Idan kun fi son hayar babban injin, ku haɗa gonakin da ke maƙwabtaka da juna ku dasa iri ɗaya a lokaci ɗaya, domin mai inji ba ya son ƙananan fangali masu yawan kunya. Ku tsayar da ruwa tun da wuri ƙasa ta tsane, ku kuma tanadi wurin shanya, saboda injin yana fitar da shanshera da danshi, kuma sai danshin ya sauko zuwa kashi 14 cikin 100 kafin a zuba ta a buhu a ajiye.