Amsar Gwaggo kan Laraba da sunan Balarabe

Ɗiyata, saƙonki ya same ni nan Marwa. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Kin ce surukarki ta laƙaba wa jaririn Balarabe alhali ko Shuwa ba ku da shi a dangi, ga kuma maƙwabciya ta tsorata ki wai Laraba rana ce mai nauyi.

Surukarki ba ta yi laifi ba. Sunan rana ne. Namijin da aka haifa ran Laraba Balarabe ne, mace kuwa Balaraba ko Larai, kamar dai Ɗanlami da Lami na Alhamis, ko Ɗanjuma da Jummai. Kin ga in yaro ya ci sunan kakansa, uwa ba ta iya kama sunan nan a baki don kunya, sai a fake da ranar haihuwa.

Ita Larabar kanta lissafi ce kawai. Da Musulunci ta zo mana daga Larabci, "arba'a", wato huɗu: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, ita ta huɗu. Juma'a da Asabar ne kaɗai suka fita daga ƙirga. Fulanin nan suna cewa Alarba, tsallaken Kuseri a Injamena ma arba ɗin nan dai za ki ji. Wanda kuka karanta a boko, mercredi, shi ne ma mai ɗauke da sunan gunkin Rumawa.

To ina nauyin ya fito? Daga Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar. Muna yara, ran nan tsofaffi ba sa bari a yi tafiya, ba a kitso, malam ya wanke allo a zuba rubutun a randa kowa ya sha, wai bala'in shekara ran nan yake sauka. Mutane suka bi suka shafa wa sauran Larabobin baƙin jini. Ni dai ban ɗauki wannan ba, don akwai hadisi cikin Bukhari da Muslim da Annabi (SAW) ya kore camfi, har ya ambaci Safar da sunansa. Kuma je ki Mokolo ran Laraba ki ga kasuwa ta cika maƙil, kowa na neman na kansa.

Ai mu da murna muka san ta. Ran nan ake ƙulla mana kuɗin Laraba a bakin zane mu kai wa malam, da yamma a jingine alluna, Alhamis da Juma'a hutu. Ina jin ba banza ba ake cewa Laraba ta bawa ranar samu. Hausawa kuma suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ki bar surukarki ta kira shi yadda take so, kada ki ja da ita kan wannan. Ki dage da kunun kanwa da wankan jego. In direbobin Garwa sun taso jibi zan ba su yaji da daddawa su kawo miki. Ki gaida maigidan.