Wane banish ya dace da ƙananan mutum-mutumi?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka: fentin 'yan sojojinka na roba yana gogewa saboda yawan taɓawa, kuma banish ɗin da ka fesa, wato ruwan da ake bi kan fenti da shi don ya kare shi, ya bar musu fari-fari kamar ƙura.

Farin nan yawanci laima ce ke kawo shi, ko kuma ka fesa daga nesa har ruwan ya bushe a iska. Ni ma da damina na ɓata guda goma haka. Ka shafa banish mai sheƙi da burushi, sau da yawa farin yakan ɓace.

Nan gaba ka bar fenti ya kwana ya bushe. Ka fara da mai sheƙi, sannan ka bi da marar sheƙi, irin na kamfanin fenti Vallejo. Ka girgiza gwangwanin minti 2 sosai, ka fesa daga kamar santimita 25, shafi-shafi siriri, a waje ko kusa da taga. Gwada kan guda ɗaya tukuna. Takubban sojojin kuwa ka sake taɓa su da mai sheƙi, don marar sheƙi yana dusashe fenti mai launin ƙarfe.

Banish ɗin kafintoci mai ɗauke da mai, ka bar shi, yakan koma rawaya. Idan tsohon kayan gado ne mai daraja, kai wa masu adana kayan tarihi su duba.