Amsa kan guzurin tafiyar ƙafa ta kwana goma

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na saurari tambayar da ƙaninmu ya ajiye jiya, cewa zai yi tafiyar ƙafa ta kwana goma a cikin tsaunuka da jaka a baya, kuma yana son sanin yadda zai tsara guzurinsa.

Ƙanena, kada ka zaɓi abinci don yana cika ciki, ka zaɓe shi don ƙarfin da yake bayarwa gwargwadon nauyinsa, domin duk abin da ka zuba a jakar nan kafaɗarka ce za ta ji a jikinta. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na sitaci ko furotin 4 kacal yake bayarwa. Wanda ya yini yana hawa da sauka da kaya yakan ƙona kalori 3,000 zuwa 4,000, wani lokaci ma fiye, shi ya sa akan ƙiyasta giram 700 zuwa kilo ɗaya na busasshen abinci a kowace rana. Idan ka lissafa kwana goma, ka ga an doshi kilo goma, ban da ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce. Saboda haka ka duba taswira, in hanyar ta ratsa wani gari, ka sake guzuri bayan kwana huɗu ko biyar.

Ka dogara da gyaɗa, da man zaitun a ƙaramar roba mai murfi, da madarar gari, da busasshen nama, da siririyar taliya. Abincin gwangwani da ɗanyun 'ya'yan itace kuwa, akasarin nauyinsu ruwa ne, a bar su a gida.

Akwai abin da ban yarda da shi ba sai da ya same ni. A tafiyata ta farko na ɗauki ɗanyen wake, ban san cewa a tsayin mita 3,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90 maimakon 100 da aka saba ba. Na tsuguna gaban risho cikin iska ina tare wutar da tafin hannu, tukunya tana ta ɓararraka, amma waken yana nan kamar tsakuwa, kuma a rana ta huɗu gas ɗina ya ƙare. Tun daga nan ba na ɗaukar abin da ya wuce minti biyar a wuta, sai wanda ake jiƙawa da ruwan zafi kawai.

Ka ƙulle abincin kowace rana a ledarsa, ka rubuta ranar a jiki, amma kada ka raba su daidai wa daida, domin a kwanakin farko gajiya takan kashe sha'awar abinci, daga baya ne yunwa take tasowa da ƙarfi. Kada ka manta da gishiri saboda gumi. Sannan ka ware ledar kwana ɗaya ta abin da ba ya buƙatar wuta, ka tura ta can ƙasan jaka, kada ka taɓa ta sai hanya ta tsayar da kai.