Shin gwamnati za ta rage mini kuɗin renon yara saboda ƙarancin albashina?

Tambaya: Metir, ina yi maka fatan alheri. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa nan Damagaram, shekara uku ke nan. Ƴaƴana biyu, babban yana jardan, wato makarantar ƙananan yara, ƙaramar kuma ina biyan wata yarinya tana reno. Mun rabu da mahaifinsu. Yayata da ke Faransa ta ce ita gwamnati ke biya mata mafi yawan kuɗin gidan reno saboda albashinta kaɗan ne. Ni ina zan kai takarduna?

Amsa: Malama, yayarki ba ta yi ƙarya ba, amma maganar Faransa take yi. A can akwai hukumar CAF mai kula da tallafin iyali. Idan yaro yana gidan renon da ke ƙarƙashin tsarinta, ana duba abin da magidanta suka samu shekara biyu baya da kuma yawan ƴaƴansu, sannan a yanke musu kuɗin kowace awa. A ƙa'idar da aka kafa a 2022, mai ɗa ɗaya yana biyan 0.0619% na samunsa na wata a kan kowace awa, wato mai yuro 2000 zai biya kimanin yuro 1.24. Sauran CAF da hukumar gari ko mai gidan renon ke cikawa. Sharaɗin farko shi ne zama a Faransa, don haka wannan ƙofar ba taki ba ce.

A Nijar doka ba ta ba uwa haƙƙin a rage mata kuɗin jardan ko na mai reno don albashinta ya yi ƙasa. Tallafin gidaje marasa ƙarfi, wato filets sociaux, da kika ji ana rabawa ya fi bin ƙauyuka, kuma ma'aikatan shirin ne ke zuwa su tantance gidaje, ba takarda ake kai musu ba.

Abin da kike da haƙƙi a kai yana CNSS, hukumar fansho da tallafin ma'aikata, wadda kowa ke kira Kes. Ita ba ta tambayar ko albashinki babba ne ko ƙarami. Tambayarta ɗaya: an yi miki rajista? Ma'aikacin da ya yi wata shida a jere yana aiki, yana cika kwana 18 ko awa 120 a wata, yana da kuɗin yara daga shekara ɗaya zuwa 14, a ƙara zuwa 18 ga mai koyon sana'a, 21 ga ɗalibi. An daɗe ana biyan jika ɗaya a wata kan kowane yaro. Na san jika biyu ba za su biya jardan ba, ko kusa. Amma rajistar da ke kawo su ita ce ke riƙe da kuɗin hutun haihuwa na mako 14, da diyyar haɗari a wurin aiki, da fanshonki.

To yau ki ɗauko takardar albashinki ta watan jiya. Ki nemi layin da aka rubuta CNSS, za ki ga an cire 5.25% na fansho. Kason yara, 8.4%, mai kamfani ke biyansa daga aljihunsa, ba a taɓa albashinki a kai. Idan babu layin, ko kuma a hannu ake ƙirga miki kuɗi ba takarda, akwai matsala. Ko da layin yana nan, kada ki saki jiki: wani ya cire ya riƙe, ma'aikaci bai sani ba sai ranar da ya tsufa ya je neman fansho. Ki je ofishin Kes na Damagaram da lambarki ta rajista, ki ce a duba miki ko ana zubawa.

In ta tabbata ba a yi rajista ba, ki fara da wasiƙa ga mai kamfani, ki ajiye kwafi. Bai motsa ba, sai Inspection du travail, ofishin kula da ƙwadago, inda sufeto zai kira ku sulhu. Sulhu ya ƙi, magana ta wuce kotun ma'aikata, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne. Ni dai shawarata kada ki ajiye aiki cikin fushi, kuma ki fara tattara shaida tun kafin a san kin yunƙura: takardun albashi, saƙonnin WhatsApp na aiki, sunayen abokan aikin da za su iya tsayawa.

Kes za ta nemi takardar haihuwar kowane yaro da shaidar cewa suna raye a hannunki. Wanda ba a yi wa takarda a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu a samo hukuncin da zai maye gurbinta. In kuma mahaifinsu ma'aikaci ne yana karɓa a kansu, ba a biya sau biyu, sai ki nemi a mayar da biyan wurinki tunda ke ke riƙe da su.

Mahaifin nan kuwa, saki bai sauke masa ci da sha da karatun ƴaƴansa ba. In manya sun yi magana bai ji ba, alƙali zai iya yanke masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata gwargwadon ƙarfinsa. A nan ne za a auna samu da gaske, nasa da naki, saboda haka ki riƙa karɓar rasi a jardan, ita ma mai renon ta riƙa sa hannu a ɗan littafi duk ƙarshen wata.