Hukuncin shirya ɓeraye don gwajin lafiya a sararin samaniya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a ɓangaren kimiyyar halittu, an sa ni cikin masu shirya ɓerayen ɗakin gwaji irin waɗanda ake harbawa sararin samaniya. Muna saba musu da zaman ɗan matsattsen keji da cin jiƙaƙƙen abinci, wasu ma sai an musu tiyata an dasa musu na'urar auna jini, kuma in sun dawo kashe su ake yi a duba ƙashi da tsoka. Wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya, shin ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya miki albarka da wannan tausayin, kar ki bari aiki ya kashe miki shi.

Aikin nan ya halatta, amma fa da sharaɗi. Allah ya ce a suratul Baƙara aya ta 29 shi ne ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, to amfani da dabba don maslaha ta gaskiya ba laifi ba ne, kuma maslahar nan a fili take. Ɗan sama jannati in ya daɗe inda babu nauyi ƙashinsa na zaizayewa, kusan kashi 1 cikin 100 duk wata, tsoka ma ta saki, shi kuwa ɓera cikin 'yan makonni jikinsa ke nuna hakan, kuma abin da aka gano yana taimakon tsofaffi masu raunin ƙashi da majinyatan da suka daɗe a kwance a nan ƙasa.

Wasu za su ce miki ai ɓera fasiƙi ne, an yi izinin kashe shi ko a harami. Hadisin ya inganta, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Nana A'isha, dabbobi biyar har da ɓera. Sai dai ni ban yarda a fake da shi a yi abin da aka ga dama ba, don izinin kisa daban izinin azabtarwa daban, balle wannan ɓeran a keji aka haife shi bai taɓa yi wa kowa ɓarna ba. Hadisin Shaddadu bin Aus da ke cikin Muslim shi ne ma'aunin ku, Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Ga kuma matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba ba ta sake ta ba, kin ga duk wanda ya kulle dabba to cinta da shanta sun hau wuyansa.

Shi ya sa abin da ya faru a 2013 yake tsaya min a rai, lokacin da Rasha ta harba kumbon Bion-M1 da ɓeraye 45 suka yi kwana 30 a sama, 16 kacal suka dawo da rai, da yawa daga waɗanda suka mutu matsalar na'urar ba da abinci ce ta kashe su. A 2016 kuma Japan ta kai 12 tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kwana 35, duka suka dawo da ransu. Kenan shiri mai kyau na rage wahala sosai, kuma ke a nan ɓangaren kike. Ɓeran da ya saba da kejinsa da abincinsa da abokan zamansa tun yana ƙasa ba zai firgita kamar wanda aka jefa haka kawai ba, saboda haka in kin gyara niyya ina miki fatan lada ma.

Kar a yi tiyata sai da maganin kashe zafi ko na sa barci, kar a ɗebi fiye da adadin da binciken ke buƙata, kuma in akwai wata hanya kamar kwamfuta ko ƙwayoyin halitta da za ta ba da amsar, to babu uzurin taɓa mai rai. Kisan ƙarshe ya zama cikin sauri ba a gaban 'yan uwansa ba. In kika ga ana saɓa waɗannan ki faɗa wa shugaban ɗakin gwajin, in an ƙi gyarawa ki cire hannunki daga wannan ɓangaren.

Wallahu a'alam.